Sai Sabon Kati Ya Fito

Likitar ido ba ta ɓoye musu komai ba. Ta kashe 'yar fitilar da take haska idon Baba da ita, ta juyo wajen Yaya, ta ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma 'yar taga ce ta rage a tsakiyarsa, ita ma kullum ƙara tsukewa take yi. Magani zai rage mata gudu, amma ba zai tsayar da ita ba. In akwai abin da yake son ya gani, a nuna masa tun yanzu.

Suka fito ita da Baba, suka shiga tasi. Suna cikin cunkoson motoci ya laluba ya kama hannunta, ya ce, "Uwata, kaset ɗin nan na ummanku."

Shi kaɗai ke ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Kowa kuma Yaya yake ce mata, har matan da suka girme ta da ke kawo mata ɗinki a shago.

Kaset ɗin minti goma sha ɗaya ne kacal. Wani maƙwabci ne ya ɗauka shekara ashirin da bakwai da suka wuce, ranar da ya sayi kyamara yana bin gidaje yana takura wa mutane da ita. Ya tarar da marigayiya Umma tana shanya a tsakar gida, ta dinga korarsa da jiƙaƙƙen zane tana dariya. Ban da wannan, ba ta da wani hoto mai motsi a duniya. Sai hotunan fasfo guda biyu da ta tsuke baki a ciki kamar an yi mata laifi, kuma duk wanda ya san Umma ya san wannan ba fuskarta ba ce.

Kaset ya daɗe a akwati har ya yi funfuna. Bara Auta, ƙanen Yaya, ya kai shi wajen masu juyewa, suka kwashe abin da ke ciki suka zuba masa a kwamfuta, zaren kuma ya tsinke musu a hannu suna gamawa. Wato yanzu wuri ɗaya tak Umma take: cikin baƙar kwamfutar da ke ɗakin Auta, a bayan gida.

Autan nan fa ba yaro ba ne. Shekararsa talatin da huɗu, har da furfura biyu a gemu da yake cirewa a ɓoye. Tallan bidiyo yake haɗa wa masu shaguna, kuma a gaskiya ya iya aikinsa. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ke hannunsa bai taɓa burge shi ba, sai wanda aka ce yana tafe.

Yaya ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakinsa. Ta same shi kwance a kan katifa, waya a saman fuska, wani mutum a ciki yana ta zuba surutu yana nuna layukan ja da kore.

"Auta, Baba na son ganin kaset ɗin Umma."

"Ai ina kan aikinsa, Yaya."

"Tun bara kake kan aikinsa."

Ya tashi zaune, ya yi mata irin murmushin da ake yi wa wanda bai je makaranta ba. "Ba za ki gane ba. Hoton ya yi datti, duk yashi ne da layi-layi. Ni ba zan nuna wa Baba Umma a haka ba. Akwai manhajar da ke wanke shi, ta fito da fuska tas kamar jiya aka ɗauka. Sai dai tana bukatar kati mai ƙarfi."

Wannan kam ta sani, don ya cika mata kunne da shi tun ba yau ba. Katin hoto wani allo ne mai fankoki da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke zana duk abin da ido zai gani a gilashi. Na Auta ya kai tsawon hannunta, kuma ranar da ya sayo shi sai da ya kira ta ta zo ta gani kamar an yi haihuwa.

"To ai kana da shi," ta ce.

Ya sosa ƙeya. "Na sayar ranar Talata."

"Ka me?"

"Tsaya ki ji. Sabon zubi zai fito. Ranar da aka sanar da shi, irin nawa ba zai ƙara daraja ba, kowa zai zubar. Mai wayo tun kafin sanarwa yake rabuwa da nasa. Kowa ya san wannan."

"To kunna min ita haka nan, in ga kaset ɗin da dattinsa."

"Ba za ta nuna komai ba. Irin tawa in babu kati, gilashi baƙi ƙirin yake zama." Ya faɗi haka da wani alfahari, kamar makantar kwamfutar ma wata daraja ce. "Sati biyu, Yaya. Sati biyu kacal."

Ta gaya masa abin da likita ta ce, kalma bayan kalma. Idonsa ya kawo ruwa, don Auta ba mugu ba ne, yana son ubansa. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce shi ya sa ma dole a yi abin da kyau, tunda gani ɗaya ne. Ta fita tana cewa a ranta sati biyu ba shekara ba ne.

Sati biyu ya cika, babu kati. Auta ya ce an ɗaga sanarwa, don masana'antar da ke buga ƙwaƙwalwar katin ta sauka daga nanomita biyar zuwa uku, kuma sabon injin bai zauna ba tukuna. A sati na huɗu ya ce injin ya zauna, sai dai a kowane faifai da suka buga rabin ƙwayoyin lalatattu ne. A na biyar memori ne, wani sashe na katin, ya yi ƙaranci a duniya. Duk wannan a bakin ƙofar kicin yake tsayawa ya karanto mata, tana wanke-wanke, yana jan yatsa a waya, fuskarsa na sheƙi kamar mai kawo albishir. Bai taɓa taka ƙasar da masana'antar take ba, bai san ko mai gadinta ba, amma in ya ce "sun samu matsala a layi na biyu" sai ka rantse shi ne ya kashe musu wuta da hannunsa.

Ita kuwa da wani ma'auni take ƙirga kwanakin. A satin farko Baba yana iya karanta agogon bango in ya karkata kai. A na uku ya daina tambayar agogo, sai ya tambaye ta. A na huɗu ya zuba shayi a gefen kofi, ya yi saurin ɗora hannun riga a kan wurin don kar ta gani. Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Baba bai taɓa cewa Auta ya yi laifi ba. In ta fara mita sai ya ɗaga hannu. "Ki bar shi ya yi aikinsa a tsanake, Uwata. Aikin ilimi ba a yi masa gaggawa." Tun Auta yana ƙarami haka ake yi. Shi ne Umma ta bari yana ɗan shekara bakwai, kuma tun daga ranar babu wanda ya ƙara ɗaga masa murya a gidan. Ita ma tana cikin masu laifin, ta sani.

Ranar Laraba ta sati na bakwai, da safe, ta shigo falo da kwanon karin kumallo, ta ji Baba yana cewa, "Kin tashi lafiya, Uwata? Yau shiru kike." Ba ita yake kallo ba. Doguwar rigarsa da ta goge ta rataye a jikin ƙofa yake gaisarwa, har da murmushi.

Ta ajiye kwanon a hankali, ta amsa gaisuwar daga inda take. Ta jira har ta ji fitar Auta. Sannan ta shiga ɗakinsa, ta tsige wayoyin da ke bayan kwamfutar ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta san na mene ne ba, ta naɗe ta da tsohon zanen gado, ta rungumo ta. Nauyi gare ta kamar ƙaramin keken ɗinki. Ta aika wa masu jiran ɗinki cewa yau ba za ta buɗe shago ba, ta tare tasi.

Layin masu gyaran kwamfuta wani lungu ne da mutum biyu ba sa wucewa a jere. Ko'ina warin darma da ƙonanniyar roba, ga matattun firintoci an jibge a bakin kwata. Ta san shagon da Auta ke zama, don sau da yawa ta ji yana ambaton mai shi. Oga Fanka ake ce masa, saboda ya fi kowa iya tayar da fankar kati in ta mutu. Dattijo ne siriri, tabarau biyu a fuska, ɗaya a hanci ɗaya a goshi.

Ba shi kaɗai ta tarar ba. Maza huɗu ne a kan benci, da hantsi, ranar aiki, kawunansu a haɗe a kan waya ɗaya. Ko sallamarta ba su ji ba. Mai riƙe da wayar wani mai ƙiba ne da ake kira Majiya, don ba ya buɗe baki sai ya fara da "majiya mai tushe ta ce".

"Ga kwalin nan, ku duba da kyau," yake cewa. "Wani ma'aikaci ne ya ɗauko a ɓoye."

"Wannan ai kwalin takalmi ne," in ji na kusa da shi.

"Kwalin takalmi da wannan rubutun? Majiya mai tushe ta ce nanomita uku ne, kuma wutar da zai ci ba ta kai rabin ta yanzu ba."

"Huɗu ne. Uku sai baɗi."

"Huɗun da kake faɗa ai biyar ce aka sake wa suna!"

"To ukun ma ba uku ba ce, suna ne kawai."

Suka kaure da musu, jijiyar wuya a tashe, ɗaya har yana buga benci. Yaya ta dire kayanta a kan teburin Oga Fanka da ƙarfi, sai da sukurori suka yi tsalle. Ta juya ta ce, "Don Allah, shi nanomitan nan, yaya girmansa yake?"

Majiya ya dube ta da tausayi. "Anti, ai ido ba ya ganinsa. In kika tsaga silin gashi gida dubu goma ma ba ki kai ba."

"Kai ka taɓa ganin katin?"

"Bai fito ba ai."

"Wani a nan ya taɓa gani?"

Suka yi dariya, kamar ta yi tambayar yara. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, manya da su, masu iyali, wani ma da kwalkwal a ka, ta ji ƙyamarsu ta taso mata tun daga ciki. Ta yi tsaki, ta juya musu baya.

Oga Fanka ya yaye zanen gadon, ya sauke tabarau na goshi. "Wannan ai injin Auta ne. Ke ce Yayar?"

Ta ce ita ce. Ta gaya masa komai a taƙaice: kaset, Baba, likita, sati bakwai. Bai katse ta ba. Da ta gama, ya ɗauki sukudireba ya kwance murfin.

Gefen injin da ake gani gilashi ne, kullum Auta na goge shi da wani ƙyalle na musamman da ya hana kowa taɓawa. Ɗaya gefen ne Oga Fanka ya buɗe, wanda ke jingine da bango. Yaya ta ja da baya ta toshe hanci da mayafi. Ƙura ta daskare a wurin ta zama kamar bargo, ta cakuɗe da gashi da ɓarɓashin biskit. Wani lemo da ya taɓa zubewa ya bushe ya yi danƙo, matattun kyankyasai uku sun maƙale a ciki ƙafafu a sama. Da ya ɗaga tarin wayoyi, wani rayayye ya fito a guje ya bi ta kan hannunsa. Ko a jikinsa, ya karkaɗe shi ƙasa ya taka.

"Duk haka suke," ya ce. "Inda za a ɗauka a hoto kawai suke gogewa."

A tsakiyar injin ga gurbin katin nan a buɗe, kamar inda aka cire haƙori. Oga Fanka ya jawo wata durowa cike da tarkace, ya tona ƙarƙashin tsofaffin caja, ya zaro wani ɗan kati da bai fi tafin hannu ba, fanka ɗaya, ita ma fiffikenta guda ya karye. Ya hure shi sau biyu, ya soka, ya ɗaura waya, ya danna. Gilashin da ke kan teburin ya yi haske.

Yaya ta dubi agogon hannunta. Ko minti biyar ba a yi ba.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan. Ba zai yi masa aikin talla ba, amma zai nuna hoto." Ya tura durowar ya rufe. "Ranar da ya sayar da nasa, a nan aka yi cinikin. Na miƙa masa wannan ɗin, na ce ya riƙe aro kafin nasa ya zo. Ya ce in mayar da tsiyata durowa, wai in abokansa suka ga wannan a injinsa ya gama yawo."

Daga benci Majiya ya ce, "Ai da gaskiyarsa. Wannan katin ko jikana ba zan ba."

Yaya ba ta juya ba. Ta dafa teburin da hannu biyu. Sati bakwai. Agogon bango, shayin da ya zube, rigar da ke jikin ƙofa, duk suna cikin durowar nan ƙarƙashin tsofaffin caja.

Auta bai taɓa sa wa komai makulli ba, don haka ba su sha wahala ba. Jakar tana nan a fili, an rubuta mata "Umma". Fayil goma sha biyar ne a ciki. Goma sha huɗu gwaji ne da ya yi da tsohon katinsa kafin ya sayar. Oga Fanka ya buɗe na ƙarshensu.

Tsakar gidansu ce, ta fito fes, har tsagar bango ana gani. Ga igiyar shanya. Ga wata mace tana dariya. Fatarta sumul kamar ta 'yar tsana, haƙoranta a jere reras, farare tas. Babu wushirya. Wushiryar Umma, wadda Baba ya ce ita ya fara gani ranar da ya fara ganinta, manhajar ta ɗauke ta a matsayin datti ta cike gurbin. Tabon ƙunar da ke wuyan hannunta ma ta shafe shi. Da matar ta ɗaga zane za ta kori mai kyamara, Yaya ta ƙirga yatsu shida.

Mazan benci sun taso sun kewaye ta. "Kai! Kin ga aiki!" in ji Majiya. "Wannan fa da tsohon kati ke nan. Da sabon, har ramin gashi sai kin gani."

Kyankyasan ɗazu ba su ba Yaya ƙyama kamar wannan kyakkyawar baƙuwar da ke sanye da kayan uwarta ba. Ashe wannan ce Auta ke jira ya ƙara wa kyau. Ta ce, "Rufe. Don girman Allah rufe."

Fayil na goma sha biyar an rubuta masa "asali". Da ya buɗe, hoton ya fito rawaya-rawaya, yana rawa, wani farin layi na hawa yana sauka. Fuskar ba ta fito sosai ba. Amma da ta juyo ta buɗe baki, ga ɗan duhun nan a tsakanin haƙoran gaba. Yaya ta sa mayafi a baki. Mazan suka koma bencinsu ɗaya bayan ɗaya, don babu abin kallo a nan.

Oga Fanka ya juye mata shi a filashi, ya ce talabijin ɗin gida ma zai karanta. Yana mayar da murfi ya rage murya. "Anti, sau huɗu ina ganin irin wannan sabon zubin. Yawanci ƙwaƙwalwar ciki ta bara ce. Su sake fanka, su ƙara wa sunan harafi biyu, shi ke nan."

Ta gyaɗa kai. Ita ma ta san masu sake wa riga maɓalli su ce sabon yayi ne. Ta bar masa kwamfutar, ta ce mai ita ya zo ya ɗauka da ƙafarsa.

Rana ta ɗan karkata lokacin da ta isa gida. Baba na falo a kujerarsa, rediyo a cinya. Ta ce, "Baba, na kawo Umma." Ya kashe rediyon, ya gyara wuyan riga, ya shafa gemu, kamar wanda za a yi wa baƙi.

Ta ja kujerar har gaban talabijin, kusa sosai, taku ɗaya tsakanin gwiwarsa da teburin. Ta saki labule don hasken waje kar ya dame shi, sai ɗan tsagi da ya rage a gefe. Ta soka filashin, ta danna.

Da farko shuuu ce kawai da ƙarar iska. Sai ƙarar bokiti. Sai muryar, can ƙasa, kamar daga ɗaki na uku: "Kai, kauce min da abin nan! Ba ka ga ban shirya ba?" Sai dariya.

Baba ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Ya miƙa wuya gaba. "Ga ta nan," ya ce. "Ga ta nan, wallahi."

Yaya ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, ta ce a ranta ashe ba a makara ba. Ta durƙusa a gefen kujerar tana kallon fuskarsa maimakon talabijin.

"Zanen nan ne mai ruwan ganye," ya ce. "Wanda na sayo mata da na dawo daga tafiya."

Ta waiwaya. Ja ne zanen da ke jikin Umma, ja mai ɗigon fari, ko a wannan dusashen hoton ba ya ɓuya. Ta sake duban Baba da kyau. Idonsa ba a kan talabijin yake ba. Ya ɗan karkata dama, yana kallon tsagin hasken da ke gefen labule.

"Shi ne, Baba," ta ce. "Mai ruwan ganyen ne."

Minti goma sha ɗaya ba su da yawa. Hoton ya yanke a daidai inda Umma ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, gilashin ya koma shuɗi, sautin ya ɗauke. Baba bai motsa ba. Yana ta murmushi yana gyaɗa kai. "Dubi yadda take yi da hannu," ya ce a hankali. "Haka take yi."

A nan ne ƙofa ta bugu. Auta ya shigo yana huci, waya a hannu. "Yaya, wa ya ce ki taɓa min injina? Har kin sa an soka min wannan ruɓaɓɓen katin, ana ta yi min dariya a—"

"Auta ne?" in ji Baba. Ya miƙa hannu wajen da muryar ta fito. "Zo nan. Allah ya yi maka albarka. Aiki ya yi kyau, ta fito tas. Na ce musu su bar ka ka yi a tsanake."

Auta ya tsaya. Fushin ya sauka daga fuskarsa, wani jin daɗi ya maye gurbinsa, irin na yaron da aka yaba wa a gaban aji. Bai dubi shuɗin gilashin ba. Bai dubi inda idon ubansa yake kallo ba.

"Baba, ai wannan ba komai ba ne," ya ce. "Wannan ba a ma gyara ba. Ka bari sabon kati ya fito ka ga abin mamaki. Yanzun nan aka tabbatar, wata mai zuwa ne, wannan karon babu ɗagawa."

"To, Allah ya kai mu," in ji Baba.

Yaya ta miƙe. Shekara ashirin da bakwai ba ta ɗaga wa yaron nan murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba. Ta kama shi a damtse da hannun da take riƙe almakashi, ta ja shi, ta tsayar da shi a tsakanin gwiwar Baba da talabijin, faɗin bayansa ya rufe gilashin gaba ɗaya. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗora yatsa a leɓenta. Ta mayar da hoton can farkonsa, ta danna.

Shuuu. Bokiti. "Kai, kauce min da abin nan!"

Baba ya sake miƙa wuya, fuskarsa ba ta fi taku ɗaya daga jikin Auta ba. "Ka gani ko?" ya ce. "Ka ga wushiryar? Kai ba ka san ta sosai ba, kana ƙarami. Duba da kyau."

Auta ya dubi ubansa. Ya ɗaga hannu a hankali ya kaɗa a gaban fuskarsa. Baba ya ci gaba da murmushi wa labule.

Auta ya yunƙura zai kauce, Yaya ta ƙara matse damtsen. Wayarsa ta yi ta zuuu a tafin hannunsa, saƙo na bin saƙo, sunan Majiya na haskawa yana mutuwa. Ba ta sake shi ba sai da minti goma sha ɗayan suka cika.